Ranar Da Na Ƙi Amsa Gangar Noma

Kwanan baya jikanyata ta dawo daga makarantar koyon jinya da labarin ta fi kowa cin jarrabawa. Ubanta, wanda ni na haife shi na kuma yi wankan jegonsa, ya buga cinya ya ce mata ita kam namiji ce. Yarinya ta washe baki, ta ji an yabe ta. Ni ina gefe a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa, sai na ce masa tunda namiji ce ya karɓe ɗankwalin ya sayo mata hula. Aka yi dariya, aka ce tsohuwa ta tashi da rigimarta. Rigima ce kam, ban musa ba, amma ta girmi mai buga cinyar nesa ba kusa ba, kuma akwai daminar da saura ƙiris ta bar gidanmu da rumbu wayam. Tun ranar nake juya abin a raina, har na ga gara in faɗe shi tun bakina yana da sauran haƙora.

Yanzu da muka dawo cikin garin Sabon Birni, tun da daji ya ƙi zaunuwa, yadda ake kiran mutane ya zame mini abin kallo. In na fita bakin titi, ɗan kabu-kabu zai taka birki ya ce Hajiya ina zuwa. Ni kuwa ko jirgin ban taɓa ganinsa a ƙasa ba, sai dai in ya wuce sama in ɗaga kai. Duk mace mai mayafi Hajiya ce, duk namiji mai tumbi Alhaji ne, ramamme kuma Malam, ko da bai haɗa baƙi ba. Samari suna ce wa juna Oga, kowa ogan kowa, ban san wa ya rage ya yi aikin ba. Matan aure kuma an jingine sunayensu gaba ɗaya, sai Maman wane da Maman wance. Ban ce da mugunta ake yi ba, girmamawa ce irin ta zamani, ina kuma amsawa don kada a ce na cika tsiya. Amma kafin a buɗe baki sai an duba ko zane ka ɗaura ko wando ka sa, sannan a zaɓo maka sunan da ya dace da tufarka.

A ƙauyenmu, can gefen Unguwar Lalle, lokacin ina budurwa, yawancin kira bai damu da wannan ba. Ranar kasuwa da abin da ke kanka ake kiranka. Mai kuka, mai daddawa, mai itace, ko tsoho ne ko yarinya, in aka ce mai igiya duk wanda ke ɗauke da igiya zai waiwaya. Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Kurawa mai gero take ce wa Inna, mai gero take ce wa Baba, don geron ne ya kawo ta, ba su ba. A cikin gida wanda ya girme ka Yaya ne, mace ko namiji. Wanda ya haifi uwarka ko ubanka Kaka ne, da mai gemu da mai kitso. Na ƙarshen ɗaki Auta, shagwaɓar dai iri ɗaya ce. Baƙo in ya tsaya bakin zana zai yi sallama ya ce masu gida, kowa ya amsa, har da mu da ba mu mallaki ko tabarmar kwana ba. Da asuba kafin a ga tafin hannu za ka ji taɓare suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, luguden 'yan mata, kukan jakai, guga yana bugun bakin rijiya, sai muryar wani mai wucewa daga bayan darni yana cewa sannunku da aiki. Ba ya ganin waɗanda yake gaisarwa, bai kuma buƙaci ya gani ba.

Kakarmu ta wajen uba, wadda ke zaune tare da mu, mace ce mai baki. Jikokinta maza masu gidanta take ce musu, tana yi musu tsiyar ba su kawo cefane ba, mu mata kuwa ragwaye muke a wurinta ko da mun wuni muna surfe. In wani ya kira mu da sunan banza a wurin wasa muka dawo da kuka, sai ta ce mu daina wahalar da idanunmu. In an kira ki da abin da ba ke ba ce, in ji ta, ki waiwaya ki duba ko akwai wani a bayanki, in babu ki ci gaba da tafiyarki. Na ɗauki wannan magana na riƙe da hannu biyu, fiye da yadda ita mai maganar ta nufa.

Kada dai a ce na ce da can komai daidai yake. Akwai wurin da kira yake rabuwa, shi ne wurin yabo. Kalmomin ƙarfi duk na maza ne, namiji, gwarzo, jarumi, bajimi. Mace in za a yabe ta sai a ce mai haƙuri, mai kunya, mai daɗin tuwo. In yaro ya yi ragwanci a ce masa mace, in yarinya ta yi abin bajinta a ce mata namiji, ana kuma jiran ta yi godiya. Ni tun ina ƙarama wannan yake yi mini ƙaiƙayi a rai. Ina ganin Inna tana tashi kafin kowa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona da goyo a bayanta, ta tsaya ta nome 'yar gayaunarta, ta dawo da itace a ka. Ban ga namijin da ya taya ta ba, don haka ban ga dalilin da za a ɗauki wahalarta a raɗa mata sunan maza ba.

A daminar da nake magana, ruwa ya sauka da kyau, mun yi shuka, gero ya fito kore shar. Sai kurkunu ya kama Baba. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba su da sani. Tsutsa ce doguwa fara da ake sha a ruwan tafki, ta yi kwanciyarta cikin jiki, ta tashi fitowa ta ƙafa daidai lokacin da ake buƙatar ƙafar. Ta fito wa Baba a idon sawu da kuma gwiwa, ya kwanta a bukkar ƙofar gida ba ya ko iya zuwa masallaci. Ni ce babba. Bayana mata ne reras, sai namiji ɗaya da ke bayan Inna yana tsotson yatsa. Gonarmu kuwa ta gado ce, babba, mai gawo a tsakiya, ta fi ƙarfin hannun mutum ɗaya ko da lafiyarsa. Kafin mu ankara ciyawa ta taso, harƙiya da ƙarangiya suna rige-rige da gero. Duk ɗan ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. In noman fari ya wuce ka, ciyawa ta shaƙe gero, to ka yi sallama da tuwon shekara.

Abin da ke ceton mutane a irin wannan hali shi ne gayya. Yadda muke yinta a wajenmu, kowane gida zai ba da mutum ɗaya, a taru a gonar wani a nome ta tas kafin rana ta yi tsaka, gobe ko jibi a koma ta wani, har a zagaye. Amma zuwa kawai ba ya isa. Akwai tsohon makaɗi mai gangar noma da ke bin bayan manoma yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Zai kaɗa taken mutum ya kuma faɗa da baki, wane ɗan wane, ya jero masa kirari. Wanda aka kira zai ɗaga hauyarsa sama ya amsa, jama'a su gani. Wannan kira da amsa shi ne shaidar gidanku ya zo. Gidan da ba a kira ɗansa ba, ko aka kira bai amsa ba, gayya ba ta taka gonarsa. 'Yan mata kuwa aikinsu kawo ruwa da fura, su tsaya a bakin gona su yi tafi da guɗa, kowace tana satar kallon wanda take so.

Na ɗauki hauyar Baba, doguwar nan da ake turawa a tsaye, na tafi wurin Sarkin Noma, dattijon da ke tsara zagayen gayya, na ce ni za ni tsaya wa gidanmu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce ba a taɓa yi ba, amma kuma bai taɓa jin an hana ba. In na iya riƙe kuyyata, wato layin da za a ba ni, ban sa samari jirana ba, shi ba shi da ta cewa. Noma kuwa na iya shi. Tun ina 'yar mitsitsiya nake bin Baba gona, don bai samu ɗa namijin da zai bi shi ba sai ya haƙura da ni.

Gayyar farko a wata gona aka yi ta da ke bakin hanyar Isa. Na ci ɗamara da tsohon zanen Inna na shiga layi tsakanin samari. Wasu suka yi gatsine, wasu suka matsa nesa da ni kamar ina da ƙazwa. Ƙawayena a bakin gona suka rufe baki da gefen gyale. Ganga ta tashi. Wanda bai taɓa noma da ganga a bayansa ba bai san daɗin noma ba. Tana shiga ta ƙirji ta fita ta hannu, ka manta da rana, ka manta da ƙaya, ƙasa mai laima tana tashi da ƙamshinta, hauyoyi suna shiga tare suna fita tare. Ban zo ta farko ba, kada in yi ƙarya da furfura a kaina, amma na bar samari da dama a baya suna haki. Makaɗi ya bi layi yana kira, hauyoyi suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya, har ya iso bayana. Na ji ya ɗan tsaya, kamar mai laluben abu a aljihu. Sannan ya saki kiɗa mai ƙarfi, ya ɗaga murya ya ce namiji, namijin duniya, gwarzon maza. Samari suka yi ihun jin daɗi, 'yan mata suka rangaɗa guɗa. Tsakani da Allah tsohon nan karrama ni ya yi, mafi tsadar abin da ke cikin gangarsa ya ɗauko ya ba ni.

Ni kuwa na waiwaya na duba bayana, ban ga kowa ba sai shi, na ci gaba da nomana.

Ya sake kira, na sake yin kamar da wani yake. Kiɗa ya mutu. Gonar da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai, sai ga shi ana jin kukan kurciya daga nesa. Sarkin Noma ya tako ya tsaya a gabana ya ce, "Ke ɗiyag ga, ana kiranki. Ɗaga hauya mu wuce."

Na ce, "Baba, ni ban ji an kira ni ba. Wani namiji anka kira, shi amsa abinai."

Ya tambaye ni ko na san in ban amsa ba gidanmu bai zo ba ke nan. Na ce na sani. Makaɗi ya sauke gangarsa ransa a ɓace, ya ce tun yana yaro yake bin ubansa da ganga, bai taɓa kiran mutum ya yi masa kunnen uwar shegu ba. Ya ce abin da ke cikin gangar noma ke nan, na maza ne, in na mata nake so in jira ranar aurena ya zo ya kaɗa mini na amare. Aka kwashe da dariya. Na ƙarasa kuyyata, na saɓa hauya na kama hanyar gida ko furar ban sha ba, ina tafe ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Sarautar ba ta kai ƙofar gida ba, don labari ya riga ni isa. Inna ba ta dake ni ba, da ma ta daka da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni ta nuna mini ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta ce in gaya mata wacce ce a cikinsu za ta ci suna ta ƙoshi in rani ya yi. Ta ce ita an kira ta da abin da ya fi wannan muni ta amsa, don tana da bakunan da za ta ciyar. Kaka, wadda na zaci za ta goya mini baya tunda karatunta na biya, ta ce ita a wurin wasan gaɗa ta ce a yi haka, ba ta ce a yi da gonar gado ba, amma na ga ta juya baya tana murmushi. Da yamma na je gonarmu na tsaya a gindin gawo, na ga ciyawa ta kai wa gero wuya, ganyensa ya fara yin rawaya. A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na yi kuka ni kaɗai, na ce na kashe mu da bakina.

Duk da haka ban fasa zuwa gayya ba, ban kuma san me nake jira ba. Kowace gona aka koma ina cikin layi. Makaɗi in ya iso kaina sai ya ɗauke kai ya tsallake zuwa na gaba, kamar kututture ne a wurin. Samari suka daina dariya, har wasu suka fara gyara mini wuri a tsakiyarsu, amma ba mai iya sa baki, don ganga ba tasu ba ce. In an tashi daga gayya sai in wuce gonarmu, ni da Inna da ƙannena mu yi ta fama har rana ta faɗi, abin da muke nomewa kuwa bai fi a ce an share bakin ƙofa ba. Zagaye yana ta matsowa ƙarshe, hannuwana duk sun yi kanta, gidanmu kuma har yanzu bai zo ba a idon jama'a.

Ana haka, wata la'asar ina zaune ina naɗe wa Baba tsutsar a jikin tsinke, don haka ake yi mata, kullum a ja kaɗan a naɗe, in aka yi gaggawa ta tsinke ƙafa ta ruɓe, sai ga makaɗi ya yi sallama. Abokin Baba ne tun na ƙuruciya, tare aka yi musu kaciya. Ya zauna ya yi masa sannu, sannan ya shiga kai ƙarata a gabana kamar ba na wurin. Ya ce yarinyar nan ta fi jaki taurin kai. Ya ce shi ma abin yana damunsa, don yana bi ta gonarmu yana ganin halin da take ciki, amma ba zai sake kiran mutum a watsa masa ƙasa a ido a gaban yara ba. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali da me yake fara kiran sauran manoma. Ya ce da wane ɗan wane, kamar yadda aka gada. Baba ya ce to, ya zuba masa ido.

Makaɗi ya gane inda aka nufa, ya girgiza kai. Ya ce, "Labbo, ka san abin da kaka hwaɗi? Ɗiyar hwari ta fa. In ganga ta ce taka ce gaban jama'a, ina za ka sa huskarka?"

Na faɗi sunan Baba yanzu, Allah ya yafe mini, bakin makaɗi na ara. Dole kuma in tsaya in yi wa 'yan zamani bayani, su da ke ɗora ɗan fari a wuya suna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa. A lokacinmu iyaye kunyar ɗan fari suke ji, ba don ba sa sonsa ba. Ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a ma nuna an san shi. Ni tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ke ce kawai, ko ya ce wa ƙanwata ta kira yayarta. In baƙo ya tambaya 'yar wa ce wannan, sai ya dubi gefe ya ce ta gidan nan ce. Mutumin da ya yarda aka buga ganga aka ce ga 'yarsa ta fari, yana ji yana gani, za a daɗe ana ba da labarin rashin kunyarsa a majalisar dattawa. Baba kuwa mutum ne da kunya ta yi wa yawa, ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa, bai ƙara cewa komai ba. Makaɗi ya jira, ya gaji, ya yi sallama ya tafi.

Wannan shirun ya karya ni fiye da faɗan Inna. Na ga ina neman in sa mutumin da ke kwance ya zubar da kunyarsa don kawai in sami kiran da ya yi mini daɗi, na ji tausayinsa ya cika mini ciki. Na yanke shawara washegari, a gona ta ƙarshe kafin a rufe zagaye, zan je in durƙusa wa makaɗi in ce ya kira ni da duk abin da ya ga dama, namiji ko jaki, zan ɗaga hauya. Ban gaya wa kowa ba. Na dai lura da magariba Kaka ta fita da wani abu yana motsi a ƙarƙashin mayafinta, da asuba kuma jan zakaranmu bai yi cara ba, amma hankalina ba ya wurin.

Na so in isa gona da wuri in sami makaɗi shi kaɗai, sai na tarar har an jeru, shi kuma yana ɗaure igiyoyin gangarsa bai ko dube ni ba. Na shiga layi da niyyar in ya zo tsallake ni in tare shi. Kiɗa ya tashi, muka duƙufa. Ina jin sa yana matsowa, wane ɗan wane, wane ɗan wane. Ya iso bayana. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai ya canza hannu, ya saki wani take da ban taɓa ji ba, ba na maza ba, ba kuma na amare ba, ya ɗaga murya har ana ji a gonakin maƙwabta.

"Ɗiyal Labbo, ɗiyal Labbo ta hwari. Mace mai hauya, kin zo, gidanku ya zo."

Ban san lokacin da hauya ta tashi sama ba. Na so in amsa da kirari kamar yadda samari ke yi, sai hawaye suka riga ni. Guɗar da ƙawayena suka yi ranar har yau ban ji irinta ba, ko a bikina. Sarkin Noma ya ce an shaida, jibi sai gonar gidanmu. Da na koma gida ne Kaka ta ja ni gefe ta gaya mini Baba ne ya aike ta da zakaran, ya ce ta ce wa abokinsa makaɗi ya kira, shi Baba ya ɗauki kunyar.

Yau babu mai buga ganga a gona a wajenmu. Wanda ya samu ya lallaɓa ya yi noma, shiru yake yi ya dawo da wuri, ba ya son a ji motsinsa. Masu hali suna fesa magani ciyawa ta mutu ba tare da kowa ya kira sunan kowa ba. Na ji an ce yanzu masu ilimi suna zama a kan kujeru suna tattauna yadda za a riƙa kiran jama'a ba a bar mata a baya ba, a ce manoma maza da mata, iyaye maza da iyaye mata. Madalla, ina sa musu albarka. Mu namu zaman a tsakiyar ciyawa aka yi shi, kuma jan zakara ya ci mana.

Ranar gayyarmu tun da sassafe Inna da maƙwabta suka dama fura a manyan ƙore, ƙannena suka yi ta jigilar ruwa. Baba ya ce sai an kai shi. Aka ɗora shi a jaki, ƙafa naɗe da tsumma, aka zaunar da shi a gindin gawo, rabonsa da gonar tun ranar shuka. Ya dubi yadda ciyawa ta yi. Samari suka jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, ni a tsakiyarsu. Ganga ta tashi, ciyawa ta fara kwanciya, gero yana fitowa a bayanmu layi-layi kamar yaran da aka yi wa aski. Tun a nan na san za mu ci tuwo a shekarar. Amma kowa a gonar, har masu kawo ruwa, jira yake a iso kaina, don wancan karon a bayan idon Baba aka yi, yau kuwa ga shi zaune, ga dattawan gari a gefensa. Makaɗi ma ya san da haka. Da ya iso bayana sai ya rage hannu, ya faɗi kiran ƙasa-ƙasa, a gurguje, don ya sauƙaƙa wa abokinsa. Na ɗaga hauya. Duk kawuna suka juya gindin gawo.

Baba ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kamar yadda kowa ya zata. Dattawa suka fara ƙunshe dariya. Makaɗi ya ɗaga ƙafa zai wuce na gaba, sai muka ji murya daga cikin rigar.

"Kai mai ganga, ciwon ga ya taɓa min kunne. Ƙara hwaɗi da ƙarhi, ban jiya ba."